Ƙwallo Ba Ya Tuna Jiya: Jawabin Ofishin Magatakarda A Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

 

 

Ma'aji ya gama karanta lissafin kuɗi, ba za mu maimaita ba. Mu abin da aka ɗora mana shi ne mu yi magana kan ƙorafin da ya fi yawan zuwa teburinmu a bana. Iri biyu ne. Na farko daga masu adashe: wai ƙuri'ar da ake jefawa don sanin wanda zai fara kwasa tana da hannu a ciki, tunda akwai wanda ya fito na ɗaya sau biyu a jere, akwai kuma wanda ya ce shi bai taɓa fitowa a sahun gaba ba. Na biyu daga iyayen gida: yaran da ake aika da kuɗin lodi ko kuɗin abinci suna tsayawa a rumfar loto, har wasu sun fara taɓa kuɗin da ba nasu ba. Da muka zauna muka duba, sai muka ga maganar guda ce. Mai zargin ƙuri'a da yaron da ke bin takardar loto duk abu ɗaya suka gani: wata lamba ta fi wata fitowa. Dukansu kuma suka yanke cewa ruwa ba ya tsami banza.

A kasuwa wannan karin magana gaskiya ne, da shi ma muke ci. In albasa ta faɗi a Galmi, kaka ce ta zo. In ta yi tsada a Akara, ko dai ta rumbu ta ƙare, ko mota ta maƙale a hanya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kowa a nan ya san abin da ya sami farashin shinkafa, ya kuma san dalili. Bafatake da bai iya karanta alama ba, ba ya daɗewa a hanya. Matsalar ita ce idon nan da ya saba neman dalili ba ya hutawa. In ka ajiye masa abin da ba shi da dalili, sai ya ƙirƙiro masa.

Hukuncin caca ba namu ba ne, ga malamai nan zaune, kuma sun sha faɗa. Amma mun lura yaron da aka ce masa haramun ne yakan sunkuyar da kai, gobe ya koma, domin a ransa ya yarda cewa akwai sirri a cikin lambobin, kuma ya kusa gano shi. To, yau lissafi muka zo da shi, irin wanda duk mai iya ƙirga buhu zai iya bi.

Duk wanda ke bin hanyar gaɓar teku ya san wasan. A Gana gwamnati ta kafa sashen loto tun 1958, dokar 2006 kuma ta mai da shi hukumar NLA. A Togo akwai LONATO, a Burkina LONAB, a Nijar LONANI, a Legas kuwa sunan Baba Ijebu ya zama sunan wasan kansa. Wanda ya fi cin kuɗin yaranmu shi ne mai lamba 90: ana zuba ƙwallaye 90 a inji, a juya, 5 su fito. A Gana kusan kowace rana da sunan wasanta. Gefen rumfar kuma ga mai allo da alli, ko mai sayar da jaridar lambobi, ya jera sakamakon shekara da shekaru, ya ja layi daga nan zuwa can, yana cewa wannan lamba ta yi zafi, waccan ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi.

Mu fara da mai zafin. Ku ɗauka an yi juyi 180, wajen wata shida ke nan in kullum ake yi. Kowane juyi ƙwallo 5, jimla 900. In ka raba 900 ga lamba 90, kowace ta sami 10. Nan ne mutane ke zamewa, suna zaton tunda rabon kowace 10 ne, in injin na gaskiya ne dole kowace ta fito sau 10. Ba haka ba ne. Ku jera kwano 90 a tsakar gida, ku hau soro da mudun masara mai ƙwaya 900, ku rufe ido ku watsa yadda duk za su faɗa cikin kwanukan. Wa zai sauko yana tsammanin ya tarar da 10 cif a kowane kwano? Wani zai sami 8, wani 13, wani 6. Da za ku tarar da 10-10 a duka, da kun tabbata wani ya bi bayanku ya gyara. Rashin daidaiton shi ne shaidar ba a taɓa ba.

Masana lissafi sun san ma girman wannan bambanci tun kafin a juya injin. A juyi 180, yawancin lambobi za su tsaya tsakanin 7 da 13. Amma da yake lambobin har 90 ne, kusan kullum za a sami wadda ta haura zuwa 17 ko 18, a sami wadda ta maƙale a 3 ko 4. Mai allo zai nuna maka ta 18, ya ce ga sarauniya. Bai yi ƙarya ba cewa ta fito sau 18. Abin da bai faɗa ba shi ne dole ne wata ta zo kan gaba, kamar yadda in aka auna tsawon mutanen da ke cikin wannan zaure dole wani ya fi kowa. Bambancin kawai, mai tsawon nan gobe ma shi ne mai tsawo, ita kuwa lambar, in aka sake sabon juyi 180, wata ce daban za ta hau, ita ta koma cikin taro.

Wani zai ce, to a bar shi ya daɗe mana, ai a ƙarshe za su daidaita. Nan akwai abin da ya kamata a saurara da kyau, domin rabinsa gaskiya ne. In juyi ya kai 1,800, rabon kowace lamba 100 ne. Ta gaba za ta kai wajen 124, ta baya wajen 77. In ya kai 18,000, rabon 1,000 ne. Ta gaba wajen 1,075, ta baya wajen 925. Ku duba tazarar: da farko 14 ce ko 15, ta koma kusan 50, ta koma 150. Ba raguwa take ba, ƙaruwa take. Abin da ke raguwa shi ne girmanta in aka gwada ta da jimlar. Kamar ɗan kasuwa ne da ya yi asarar buhu 5 a motar farko. In ya yi mota ɗari, buhu 5 ɗin ba su dawo ba, sun dai nitse cikin yawan kaya. Babu ranar da injin zai ce, bari in biya lamba kaza bashin da take bina.

Wannan ya kawo mu ga wadda ta daɗe ba ta fito ba, kuma ita ce ta fi halaka mutane. A kowane juyi damar lamba ɗaya ta fito ita ce 5 cikin 90, wato 1 cikin 18. Mutum sai ya ce, ashe in ta yi juyi 18 ba ta fito ba, ta kusa. Lissafi ya nuna a kowane lokaci ka duba allon, wajen lamba 32 cikin 90 ɗin sun yi juyi 18 ba su leƙo ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Waɗanda suka yi juyi 50 ba su fito ba, za ka sami wajen 5. Ba yau kaɗai ba, kusan kowace rana ta Allah akwai irin waɗannan biyar ɗin, sunayensu ne kawai ke sauyawa. Mai allo ba zai taɓa rasa abin nunawa ba.

Ƙwallon roba ne. Ba shi da ido, ba ya karanta jaridar loto, bai san rabonsa da fita ba. Bayan kowane juyi ana mai da duka 90 cikin inji. Wanda ya fito jiya da wanda ya shekara bai fito ba, yau damarsu ɗaya: 1 cikin 18. Da a ce wanda ya fito ana ajiye shi gefe, kamar yadda muke cire sunan wanda ya kwashi adashe, da maganar "saura kaɗan" ta yi ma'ana. Ba a ajiyewa.

Turawa ma sun sha wannan ruwan. A Italiya suna da irin wasan nan sak, 5 cikin 90, ana juya shi da sunayen garuruwa. A na birnin Benis, lamba 53 ta ƙi fitowa tun watan Mayun 2003. Da ta daɗe, ƙasar ta rikice. Mutane suka riƙa zuba mata kuɗi, duk juyin da ta ƙi fitowa su ƙara a kan na baya don su mai da abin da ya tafi. Aka ci bashi, aka jinginar da gidaje, har aka sami waɗanda suka kashe kansu, wa'iyazu billahi. Ba ta fito ba sai ranar 9 ga Fabrairun 2005, bayan juyi 182. Ku tsaya a juyi na 100 ku yi tunani. Wanda ya shiga a ranar yana cewa ba ta yadda za a yi ta ƙara daɗewa, saura juyi sama da 80 a gabansa bai sani ba. Wane jari ne zai jure ƙari a kan ƙari har sau 80? Ranar da ta fito, da yawa daga masu jiranta sun riga sun tsiyace, ba su da ko na sayen tikiti.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da mai allo ke kira alama. Ya ce, duba, 34 da 35 sun fito tare. A wasan 5 cikin 90, wajen juyi 1 cikin 5 yana zuwa da lambobi biyu maƙwabta. Ya ce, duba, lambar jiya ta sake fitowa yau. Wannan yana faruwa a wajen juyi 1 cikin 4. A mako guda zai yi wuya ba ka ga ɗaya daga cikinsu ba. Sannan ga dabarun da suka ƙara: juya lamba, 12 ta zama 21, ƙara ɗaya ko rage ɗaya, haɗa ta da kwanan wata, kawo lambobin inji guda biyar da ake bugawa gefen na cin. Duk ƙofar da ka ƙara buɗewa, ka ƙara hanyar da wani abu zai dace da wani abu. Bayan sakamako ya fito, kowa gwani ne wajen jan layi. Ku ce masa ya rubuta lambobinsa a takarda kafin juyi, ya ba ku ajiya, wata guda cur, sannan ku ƙirga.

Bari mu ba ku tamu dacewar, don ku ga yadda abin ke da sauƙi. Ayar da malamai suka fi kawowa kan haramcin giya da caca tana cikin Suratul Ma'ida. Sura ta nawa ce? Ta 5. Aya ta nawa? Ta 90. Biyar da casa'in. Mun ga wasu sun gyara zama. To, haramcin yana nan daram ko da wasan 6 cikin 49 ne, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, kuma ba mu gina komai a kan haɗuwar lambobin ba. Mun kawo ta ne don ku ji yadda zuciya ke tsalle in lamba ta dace da lamba. Wannan tsallen shi ake sayar wa yaranmu.

Abin da ya fi wannan ban mamaki ma ya faru. A Bulgeriya, a watan Satumban 2009, lambobi shida suka fito, 4, 15, 23, 24, 35, 42, bayan kwana huɗu su ɗin dai suka sake fitowa. Gwamnati ta sa aka bincika, ba a sami maguɗi ba. A Afirka ta Kudu, ranar 1 ga Disamban 2020, aka fitar da 5, 6, 7, 8, 9, da 10, mutum 20 suka raba babbar kyautar, ƙasar ta ɗauka da surutu. Amma 5, 6, 7, 8, 9 damarta ɗaya da kowace biyar da za ka zaɓa. Mu ne muka ga ta yi kyau a ido. Ga ƙwallo, lambar da ke jikinsa fenti ne kawai. In ka tuna yawan ƙasashen da ke juya inji, kullum, shekara da shekaru, abin mamakin shi ne a ce irin wannan bai taɓa faruwa ba.

Ba muna cewa ba a taɓa yin maguɗi a duniya ba. A jihar Fensilbeniya ta Amurka, a 1980, wasu sun ɗura wa ƙwallaye fenti don su yi nauyi, suka bar masu lamba 4 da 6 kawai, 666 ta fito. An kama su, har da mai gabatar da shirin a talabijin, kuma abin da ya fara tona su shi ne yadda aka ga kuɗi masu yawa sun taru a kan 4 da 6 a ranar. Ba mu zargin kowace hukuma ko kamfani a ƙasashen da muke bi. Abin lura dai, ko inda aka yi maguɗin, na ciki ne suka ci. Mai tsaye bakin rumfa da jarida a hannu bai sami komai ba.

Mai gidan loto ma ba ya bukatar maguɗi, ribarsa tana rubuce a fili. Ku ɗauki tushuwa, wadda yara suka fi bugawa: ka zaɓi lamba biyu, dole su fito duka cikin biyar ɗin. Lamba 90, kowace tana iya haɗuwa da 89, ya ba da 8,010. A raba biyu, tunda 7 da 20 ita ce 20 da 7, saura 4,005. Ƙwallaye biyar da suka fito suna haɗa biyu-biyu guda 10. Wato 10 cikin 4,005, kusan 1 cikin 400. Da biyan adalci ne, sidi ɗaya zai jawo 400. Abin da aka saba biya ninki 240 ne. Ke nan duk sidi 100 da jama'a suka zuba, wajen 60 ke komawa hannunsu, 40 sun tafi. Mai lamba uku ya fi muni: damarsa 1 cikin 11,748, biyansa ninki 2,100, ko kashi 20 cikin 100 bai kai ba. Biyar duka kuwa, hanyoyin da za su iya fitowa 43,949,268 ne, sun fi yawan mutanen Gana. Masu cewa sun yi fam, sun zaɓi lamba 10 don su kewaye sa'a, layi 45 suka saya, kuɗin layi 45 suka biya, kowane layi da asararsa.

Wanne ne a cikinku zai yarda da dillalin da ke cire 40 cikin 100 la'ada? A kan 5 cikin 100 ma mun ga an yi kwana uku ana shari'a a ofishinmu.

Mu kawo shi kan yaron mota. A ce yana sa sidi 5 kullum a tushuwa, kwana shida a mako. A shekara ya buga sau 312, ya zuba sidi 1,560. In ya ci sau ɗaya, 1,200 za a ba shi. Ya ci, an yi masa barka, ya sayi nama ya raba, amma da saura 360 bai mayar ba. In ka tara irinsa 100, lissafi ya nuna wajen 46 za su gama shekara ba su ci ko sau ɗaya ba, wajen 36 za su ci sau ɗaya su tashi da asara, wajen 18 ne za su ci sau biyu ko fiye. Su ɗari sun zuba 156,000, abin da zai dawo musu bai wuce wajen 93,500 ba. Muryar wa ake ji a tasha? Ta mutum 18 ɗin. Sauran 82 sun yi shiru, don ba wanda ke shelar asara. Baɗi kuma wasu 18 ne daban.

Mai sayar da lamba ya fi kowa sanin wannan. In yana da mutum 90 a waya, ya ba kowane lamba daban ya ce ita ce banka ta yau, dole 5 su dace, ko me injin ya fitar. Biyar ɗin nan su ne za su yi masa talla a WhatsApp har da rantsuwa. Tambayar da muke so kowane yaro ya riƙe guda ce: mutumin da ya san lambar da za ta ninka kuɗi sau 240, me ya zaunar da shi a rana yana sayar da ita kuɗin koko?

Yanzu mu dawo gida, kan ƙuri'armu. Ita ba caca ba ce. Ba wanda ke rasa zubinsa, kowa zai kwashi abin da ya tara, jeri kawai ake nema. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan jefa ƙuri'a tsakanin iyalansa in zai yi tafiya, kuma Alƙur'ani ya ambaci ƙuri'a a labarin Annabi Yunusa da na renon Nana Maryamu. Halal ce. Sai dai halinta irin na ƙwallon nan ne, ita ma ba ta tuna jiya.

Ku ɗauki adashe mai mutum 20. Wanda ya fito na ɗaya a zagayen da ya wuce, damar ya sake fitowa na ɗaya ita ce 1 cikin 20, daidai da ta kowa. Ƙarama ce, amma ba adashe ɗaya muke da shi ba, kuma ba zagaye ɗaya ake yi ba. In rukuni 8 ne, damar a sami aƙalla rukuni guda da hakan ta faru a zagaye ɗaya ta kai 1 cikin 3. Shi kuma mai cewa zagaye huɗu bai taɓa shiga biyar na farko ba, muna jin zafin da yake ji, domin kwasar farko jari ce, musamman gab da kakar albasa ko ta goro. Amma a mutum 20, lissafi ya ce wajen 6 ne za su kasance a irin halinsa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Alhaji, ba kai kaɗai ba ne, akwai biyar irinka a rukuninku, su ba su zo ofis ba ne kawai.

Mun buɗe littafin ƙuri'a a gaban shugaba da dattawa biyu, shafi-shafi. Abin da ke ciki bai wuce irin bambancin da muka bayyana ba. Littafin yana kan tebur a ƙofar zaure, duk mai so ya duba kafin ya tafi. Muna roƙon a daina maganar a bayan ido. Hajiyoyin da ke riƙe da adashe amana suka ɗauka ba da albashi ba, kuma zargi irin wannan in ya shiga ƙungiya, ba ya fita da sauƙi. Mutumin da ka zarga a kan ƙuri'a shi ne gobe za ka bar wa kayanka a Aflawo ko Sinkase in takarda ta tsaya.

Duk da haka, mai ƙorafi yana da gaskiya ta wani gefe. Ƙuri'a tana ba kowa dama daidai, ba ta yi alkawarin ba kowa rabo daidai ba. In muna son kada mutum ɗaya ya fara kwasa sau biyu a jere, ba ƙuri'ar za mu jira ta ji kunya ba, mu ne za mu sa doka. Don haka kwamiti ya kawo shawara kamar haka. Waɗanda suka fito cikin biyar na farko a zagaye ɗaya, a zagaye na gaba ba za a sa sunansu cikin ƙwarya ba sai an fitar da biyar na farko. Za a daina naɗe takarda da hannu, tunda wata takan fi wata girma kuma yatsa yana ji. Za a yi amfani da marafan kwalba iri ɗaya, lamba a ciki. Yaro ƙarami ne zai ɗebo, a gaban kowa, a rubuta nan take, mutum biyu su sa hannu. Wanda bai halarta ba ya wakilta wani. Akwai masu ganin a bar mai bukatar gaggawa, kamar wanda kwastan suka riƙe wa kaya, ya nemi musanya da wani da yardar juna. Mu a ofis muna goyon baya, in dai za a rubuta. Ba a zartar da komai ba tukuna, sai kun ɗaga hannu bayan sallar Azahar.

Game da yara, iyayen gida, ga abin da muke roƙo. Duka da kora ba su hana ba, wanda aka kora gidan wani yake komawa da halinsa. Ku zaunar da shi da biro da takarda, ku sa shi da kansa ya ninka abin da yake sawa kullum sau 312, ya faɗi jimlar da bakinsa. Sannan kwamiti ya amince a buɗe ƙaramin adashe na yaran mota da 'yan dako, zubin mako-mako, da sidi ko sefa ko naira gwargwadon inda mutum yake lodi. Sidi 30 ɗin da ke tafiya rumfa duk mako, in mutum 20 suka haɗa, 600 ne a hannun ɗaya daga cikinsu kowane mako, ba a cire ko kwabo. Rajista tana wurinmu daga yau. Yaron da ke da bashin loto a wuyansa, ya same mu shi kaɗai bayan taro, ba za mu kira sunansa a gaban jama'a ba, za mu zauna da ubangidansa a tsara yadda zai biya.

Wakilan Maraɗi da Yamai sun nemi a juya musu waɗannan lissafe-lissafe zuwa sefa, a kuma yi bayani kan cacar dawaki da ta fi yawa a wajensu. Ita tana da nata lissafin daban, za mu kawo shi a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya sa albarka a fataucinmu, Ya tsare mana hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.